Ɗakin da Aka Kulle Ranar Gayya

Akwai wasu mutane, ba sai na kama suna ba, da za su tara jama'a a taya su gyara, sannan su baza babbar riga su kare daidai wurin da ya ɓaci. Ka zubar da guminka a banza, in abu ya rushe kuma su ce ƙaddara ce. Ƙaddarar wa? Zauna ka ji misalinsu.

Wani mai sayar da goro ne mahaifinsu ya rasu ya bar musu tsohon gidan ƙasa a cikin gari. 'Yan'uwa suka watse neman abinci, tsohuwarsu ta koma zama wurin 'yarta a gidan miji. Shi aka damƙa wa makulli, da aiki guda tak: kafin kowace damina ya hau saman soro ya share bakin indararo, don ruwa ya sami hanyar sauka. Kasuwa ta ɗauke masa hankali, bai taɓa hawa ba. Duk wanda ya tambaye shi gida, sai ya ce lafiya lau. Ana nan, tsohuwa ta gaji da cin tuwon suruki. Ta ce ita dai a mayar da ita ɗakin mijinta kafin ruwa ya sauka, ta ƙarasa kwanakinta inda ko tari za ta yi ba sai ta ji kunyar kowa ba. Aka sa ranar gayya.

Kafin ranar, mutumin ya je shi kaɗai ya buɗe ɗakin tsoho. Warin danshi ya tarye shi tun daga bakin ƙofa. Ashe indararo ya daɗe da toshewa, ruwa ya yi ta kwana a sama yana tsatsafowa, har azarar da ke ɗauke da rufin ta ruɓe daidai inda ta shiga bango. Ya danna ta da babban yatsa, yatsan ya nutse kamar a dafaffen rogo. Abin yi a fili yake: ka faɗa, a sauke rufin, a sa sabuwar azara, tunda ga hannuwa nan tafe. Amma in ya faɗa, ya tona wa kansa asiri ke nan a gaban ƙannensa. Sai ya shafe wurin da farar ƙasa, ya ja ƙofa ya kulle, ya jefa makulli a aljihu.

Gayya kam ta yi gayya. Ƙanne, surukai, abokan kasuwa, kowa ya zo. Maza suka naɗe wanduna suna tattaka ƙasa da ciyawa, wasu na curawa, wasu na miƙawa. Mata suka kama daɓen tsakar gida, suna yayyafa ruwan makuba, na ɓawon ɗorawa, waƙa na bin bugun madaɓi. Da hantsi kunu, da rana ɗanwake, goro kuwa ba a magana, ai gidan mai shi aka zo. Rana ta bi rana, aka ɗinke tsagar katanga, aka yaɓe zaure, aka tada bangon madafa da ya kwanta. Shi kuwa yana ta kai da kawo, bakinsa na sannu da aiki, hannunsa na kan aljihu.

Da aka zo kan ɗakin tsoho, sai taubashinsa, ɗan goggonsa, wanda ba ya raga masa, ya ce, “Kai mai goro, buɗe mana mu leƙa rufin daga ciki, ko amarya ka ɓoye?” Aka yi dariya. Ya ce, “Na duba da idona. Azarar da tsoho ya sa, sai ta ga jikokin jikokinka. Ku dai ƙara mata ƙasa daga sama.” Wa zai musa wa mai riƙe da makulli? Taubashin ya hau, aka yi ta cilla masa curin ɗanyar ƙasa yana cafewa, yana shimfiɗawa, yana bi da diddige. Ɗanyar ƙasa nauyi gare ta. Mutumin yana tsaye a ƙasa yana kallon kowane curi na tashi. Can azara ta yi ƙara sau ɗaya, rufi ya tafi ciki da sabuwar ƙasa da taubashi gaba ɗaya. Ƙasa ta danne ƙofar nan da ya kulle ta ciki, sai da aka ɓalle ta kafin a jawo taubashin, ƙafa a karye. Ga guntayen azara baƙi ƙirin a gaban kowa, da farar ƙasar jiya-jiya a jikinsu. Kowa ya juyo ya dubi mai goro.

Tsohuwa tana zaune a sabon zaure, da ƙunshin kayanta da butarta, don ranar ta sa ran kwana a ɗakinta. Ta dube shi ta ce, “Da ka yi magana, ɗan nan, zagi kawai za ka sha. Zagi kuwa ba ya karya ƙafa.” Aka kai taubashi wurin mai ɗori. Kafin a ce a sake taruwa, ruwan shuka ya sauka, kowa ya kama gonarsa. Tsohuwa ta ɗauki ƙunshinta ta koma tuwon suruki, ɗakin mijinta ya sha damina baki buɗe.

Ba a banza Hausawa suka ce ranar wanka ba a ɓoyon cibiya ba. Mai musu kuma, ga ɗanyar ƙasa, ga ruɓaɓɓiyar azara: ya ɗora, ya shimfiɗa tabarmarsa a ƙarƙashi, mu gani.