Abin da Aka Naɗe a Tabarma

Hansai na sauka daga babur ta hango maza huɗu sun fito daga zauren gidanta, ɗauke da wani dogon abu naɗe a tabarma. Da zazzaɓi ta bar mijinta Sada jiya, da za ta tafi suna garin Darini.

Ta yar da ƙullin kayanta ta bi su, ko takalmi babu. Duk wanda suka gifta sai ya yi salati ya shiga sahu. Mahautan bakin kasuwa ma suka bar nama, ana ta karɓa-karɓa a kafaɗa. Ta ƙwala wa Nurain, ƙanen Sada, kira. Ya waiwayo, ya gan ta, ya ƙara sauri.

Aka zo kwanar maƙabarta, aka wuce. Liman ya yi ta gyaran murya, amma ba a tsaya ba sai bakin rafi.

Nurain ya kwance igiya, ya buɗe tabarmar. Kwale-kwalen roba ne, wanda ya kife da Sada daminar bara, wanda kuma Sadan ya tabbatar mata ya sayar. Ashe ƙarƙashin harawa ya ɓoye shi a zaure. Ga Sadan can tsaye cikin ruwa har gwiwa, riƙe da sandar tuƙi, yana jira.

"Rana ce ke lalata robar, shi ya sa muka naɗe," in ji Sada a hankali.

Hansai ta share hawaye, ta gyara ɗaurin zane, ta dubi liman.

"Malam, kada jama'a su watse. Yanzu za a samu gawar."