Mai Sifirin Biyu ko Mai Ɗaya

"Hau ka ji da kanka, Yallaɓai," in ji mai shagon kekuna. "Wannan keken, sifirin gare shi gaba da baya, ko kan duwatsu ka bi, jikinka ba zai sani ba. Wancan a gaba kawai yake da shi, sai dai bai kai wannan nauyi ba."

Tela bai hau ko ɗaya ba. Ya ɗaga na farko ya ajiye, ya ɗaga na biyu ya jinjina.

"Na ƙanina ne," ya ce. "Ya faɗo daga keke a gangaren dutse, baya ya bugu. Tun safe yake kirana, wai Yaya, mai sifirin biyu yake so. Ba ni marar nauyin."

Mai shago ya ɓata rai. "Haba! Mai ciwon baya za ka saya wa wannan? Ai sai ya ƙarasa shi!"

Tela ya daɗe yana shafa sirdin.

"Ƙusa biyu na kafa a bangon da ke kallon gadonsa, ba za su ɗauki mai nauyi ba. Ni likita ya gaya wa gaskiya. Shi har yanzu jira yake ƙafafunsa su farka."