Wasiƙun Safe

Da ya idar da karyawa, tsohon yakan goge yatsunsa ya buɗe kwamfutar. Hoton autarsa ne ke fara fitowa, tana murmushi, da ɗan siririn akwati a ƙasan haɓarta.

Shekara talatin ya yi yana buga tafireta a ofis, bai taɓa buƙatar kallon takarda ba. Kunnen ne dai ya tafi. Waya ta zama masa ihu da "me kika ce?", kuma a waya ya faɗa mata maganar da ta raba su, kwana uku bayan rasuwar uwarta: "Aikinki ya fi miki ita." Tun ranar ba ta sake kira ba.

Bayan wata biyu mijinta ya kawo kwamfutar, yana sauri, mota na jiransa. Ya duƙa saitin kunnen surukinsa. Abin da tsohon ya tsinta kaɗan ne: "Nan za ka rubuta, Baba... ba za ka ga komai ba, don sirri... sai ka danna wannan babban."

Haka kuwa ya yi. Ya rubuta mata cewa bakinsa ne ya yi zafi, ba zuciyarsa ba. Ko ɗigo bai fito ba. Ya danna babban maɓallin, akwatin ya ɗan girgiza, ya ce a ransa wasiƙar ta tafi.

Washegari ya ba ta labarin famfon da ke ɗiga. Wata rana labarin gwiwarsa. Ya gaya mata har yanzu kofi biyu yake ɗaukowa, sai ya zauna yake tunawa. Ranar zagayowar haihuwarta ya yi awa guda yana bugawa, har ya tuna mata yadda take barci a ƙarƙashin teburinsa.

Wata bakwai, ko "na gani" babu.

Ya daina aski. Maƙwabta suka daina jin motsin kujerarsa a ƙofar gida. Wata safiya ya rubuta layi ɗaya: "Na gane. Ba zan ƙara damunki ba." Ya naɗe kwamfutar a tawul, ya kai wa wata mata mai gyara a bakin titi, ya ce ta goge duk wasiƙun kafin ya mayar wa masu ita.

Matar ta buɗe, ta ce ya nuna mata inda yake rubutawa. Ya ɗora yatsa a ƙasan haɓar 'yarsa.

Ta dube shi ta daɗe. Sai ta jawo takarda, ta rubuta da manyan baƙaƙe don kada ta yi masa ihu a gaban mutane:

"Baba, nan wurin kalmar sirrin buɗe kwamfutar ne. Ba ka taɓa shiga ciki ba."