Alwalar Kaka a Kan Randar Kifi

Shekarar da tabkin garinmu ya ƙafe, can wajen Keita, na tsamo kifaye uku daga laka na zuba a tsohuwar randa. Ashe na kwaso har da ƙananan katantanwa. Kafin a jima sun hayayyafa sun cika randar.

Ran nan gab da la'asar Baba ya tsaya a kaina. "Zubda ƙazantar ga. Ruwan da uwakki ka jawowa da ƙyar ba na katantanwa ba na."

Na rungume randar, na ce sai dai a zubar da ni tare.

Kaka, mahaifiyarsa, ta tsamo ganyen yakuwar da ta jefa ciki tun safe, katantanwa manne da shi, ta wurga wa kaji. Ta bar kaɗan su ci gansakuka. Sannan ta tsuguna da butarta ta yi alwala daidai kan randar, ruwan yana gangarowa daga gwiwar hannunta.

"Wanga ruwa nawa na," ta ce masa. "Taho ka hana."

Bai matso ba. Har yau ba na barin ruwan alwalata ya zuba inda babu mai sha.