Layin da Na Yi wa Ado

Yatsun Baba suka kai ƙarshen takardar, suka koma sama suna lalube.

"Shi ke nan?" ya tambaya da ƙarfi, don ciwon da ya kwantar da shi a asibiti ya toshe masa kunne, ga shi da ma makaho ne. "Labarin aikinka kawai?"

Shekara uku ba ya kula ni, tun da na bar makaranta. Jiya na rubuta masa wasiƙa a kwamfuta. "Baba, ka yafe mini" na sa shi cikin akwati mai furanni a tsakiyar shafi. Matar da ke buga rubutun makafi ta ce, "Ƙanena, injin nan tsallake ado yake yi." Ina sauri, na ce ta buga kawai.

Nas ta kama gadon za ta tura shi ɗakin tiyata. "Malam, matsa mana."

Na kwarma "ka yafe mini" a kunnensa har muryata ta dishe. Bai ji ba.

Yatsansa ya tsaya a tsakiyar shafin, inda babu ɗigo ko ɗaya. Ya daɗe yana shafa wurin.

"Ja'iri," ya ce. "Abin da ya kawo ka, a nan yake ko? Riƙe mini shi sai na fito."