Hoton da Aka Kai wa Wanzami

Kumburin da ke wuyan Malam Badaru ya kai girman ƙwan kaza lokacin da aka tabbatar masa ciwon daji ne. Manomin shinkafa ne a Dundaye, ƙaƙƙarfan mutum, amma yanzu ko kunu sai ya runtse ido kafin ya haɗiye. Matarsa Dijatu da wansa Gazali ne suka rako shi asibiti a cikin garin Sakkwato.

Bayan an ɗauki hoton wuyan, Likita Kausar ta kira su gaban kwamfuta. Wani jan layi ya zagaye kumburin, wasu koraye kuma sun zagaye laka da maƙogwaro.

"Ƙirƙirarriyar basira ce ta yi wannan zanen," in ji ta. "Manhaja ce da aka horar da hotunan marasa lafiya masu yawa. Jan layin shi ne inda za mu haska da na'ura mu ƙone ciwon, korayen kuma wuraren da za mu kiyaye. Amma fa zanen farko ne. Sai na bi shi daki-daki na gyara, an auna ƙarfin hasken, sannan a fara. Ku dawo mako mai zuwa. Don Allah kada a taɓa wurin."

"Shina warkewa, likita?" Dijatu ta tambaya.

"Kun zo da wuri. Muna kyautata zato, da yardar Allah."

Gazali irin mutanen nan ne da tun ba a gama bayani ba sun riga sun gane. Kafin su fita ya zaro wayarsa ya ɗauki hoton fuskar kwamfutar.

Suna shiga mota ya fara. "Kun ga ikon Allah? Inji ya nuna inda cuta take ƙuru-ƙuru. To mi za mu jira? A yi ta gasa mutum mako da mako? Akwai wanzamin da yay yi min sakiya a Ƙohwar Kware. Da can lalube shika yi, yanzu ga hoto."

"Yaya, likita ta ce kar a taɓa wurin," in ji Dijatu.

"Ke Dijatu, ɗan'uwana na, ciki guda. Kin hi ni son shi?"

Badaru ya amince. Tun rasuwar mahaifinsu bai taɓa tsallake maganar wansa ba, ga shi kuma shi kansa tsoron na'urar yake ji.

Da suka isa, wanzamin ya duba waya, ya duba wuya, ya zana da'ira da gawayi daidai yadda jan layin yake. Sannan ya sa ƙarfe a wuta. Dijatu na zaune a waje ta ji nishin mijinta. Ba mugunya da ta fito, sai jini. Aka barbaɗa garin magani, aka ɗaure da tsumma.

Ranar komawa asibiti ta zo, wuya ya kumbura suntum, yana wari, ga zazzaɓi. Gazali ya ce a bari rauni ya kame tukuna. Gaskiyar magana kunya yake ji. Da aka kira wayar Dijatu daga asibiti, ya karɓe ya ce sun yi tafiya. Wasa-wasa makonni suka zama watanni.

Sai da ta kai ruwa ma ba ya wucewa, sannan Dijatu ta rufe ido ta roƙi maƙwabci ya kai su. Gazali ya biyo baya yana faɗa.

Likita Kausar ta kwance tsumman, ta duba raunin. "Wa ya yi wannan?"

Dijatu ta juya ta kalli Gazali.

Aka kwantar da Badaru, aka yi ta fama da raunin, don ba a haska wurin da ke ruɓewa. Da ya ɗan lafa aka sake ɗaukar hoto, domin zanen farko ya tashi daga aiki. Wannan karon jan layin ya gangara har ƙirji, ga kuma ɗige-ɗige a huhu.

"Da kuka fara zuwa, ciwon a wuri ɗaya yake," in ji likita a hankali. "Tsarin aikin ya kammala tuntuni, ku muke jira. Yanzu ya bazu. Za mu rage masa raɗaɗi, amma batun warkewa ya fi ƙarfinmu."

Dijatu ta zube ƙasa tana salati.

"Amma likita," in ji Gazali, "injin naku na yan nuna wurin. Wallahi bisa layin ga anka yi aikin, ko kaɗan ba a kauce ba."

"Inda za a haska ya nuna, Malam, shi ma sai likita ya duba. Bai ce a huda ba."

Badaru ya ɗaga hannu da ƙyar. Muryarsa ta dushe, sai da Dijatu ta kai kunne kusa da bakinsa. "Ku maishe ni gida," ya ce.

Bai yi wata guda ba ya rasu, ya bar ta da ƙananan yara.

Jama'a, hoton asibiti, ko na'ura ce mai basira ta zana shi, kayan aikin likita ne, ba izinin magani a gida ba. Ciwon daji ba ƙurji ba ne da za a yi wa sakiya. Idan likita ya ce a jira, a jira. Idan ya sa rana, a koma ranar, ko da babban gida zai ji haushi.