Layin Biro a Wuyan Kafinta

Kwana huɗu kafinta ya yi ba ya tauna komai ta ɓangaren hagu. Haƙorinsa na can ciki ne, wanda ya daɗe da rami, ga shi kuma yana da ciwon suga. Matarsa tela ce. Daga kan kekenta na ɗinki take kallonsa yana dafe da kumatu.

"Maigida, mu je a cire haƙorin nan mana."

"Ni da nake cire ƙusa ɗari a wuni? Miƙo min filaya ki ga aiki."

Suka yi dariya. Ta gasa masa wurin da tawul mai zafi, ta sayo masa maganin rage ciwo a kemis.

A rana ta biyar kumburin ya sauko wuya. Fatar ba ta nuna wani abin tashin hankali ba, sheƙi kawai take yi, amma mutumin da guduma ta sha fasa wa yatsa bai ce uffan ba, yau kuka yake kamar yaro. Jikinsa zafi rau, muryarsa ta dushe. Da hantsi ta kai shi asibiti.

Likita ya danna wuyan a hankali. Ita ma ta ji wata 'yar ƙara a ƙarƙashin fatar, kamar ana murza leda. Ya zaro biro ya zagaye iyakar kumburin da layi, ya rubuta ƙarfe goma sha ɗaya a gefe. Aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton wuya, aka ɗaura ruwa da maganin kashe ƙwayoyin cuta.

"Malama, ƙwayoyin cuta sun bi ta haƙori sun shiga ƙarƙashin fata, suna kashe naman wuyansa," in ji likita. "Magani ba ya isa naman da ya mutu, don jini ba ya zuwa wurin. Dole mu buɗe mu cire shi. Yanzu, ba anjima ba."

Kafinta ya ce a kira yayansa, wanda ya rene shi tun rasuwar mahaifinsu. Ta kira.

"Wuya? Rago ne shi?" in ji Yaya ta waya. "Kada wanda ya sa masa wuƙa sai na zo. Ga ni nan a hanya."

Tafiyar awa bakwai ce.

Kafinta ya juyo da idanunsa gare ta. "Telata, ke me kika gani?"

Shekara ashirin tana sana'a, kuma abu na farko da uwar ɗakinta ta koya mata shi ne ba a sa wa yadin mutane almakashi sai mai shi ya zo. Wannan ƙa'ida ba ta taɓa ba ta kunya ba.

"Ɗinki ana warware shi, Maigida," ta ce. "Yanka ba a mayar da shi. Mu jira Yaya."

Likita ya roƙe su, ya sake roƙo, sannan ya ajiye takardar sa hannu a kan durowa.

Ta zauna tana kallon layin. Idon tela ba ya buƙatar tef ɗin awo. Ƙarfe ɗaya, kumburin ya ƙetare da inci guda. Ƙarfe biyu, inci uku, fatar ta yi baƙi-baƙi, ta fara tsatsafo da ruwa mai wari. Likita ya ja sabon layi a ƙasan ƙashin wuya. Ƙarfe uku kafinta ya daina gane ta. Ta ɗauki biro ta sa hannu.

An sa masa bututun numfashi, an cire abin da za a iya cirewa. Amma cutar ta riga ta gangara ƙirji. Washegari aka sake shiga da shi. A rana ta uku ya cika.

Yaya ya tsaya a barandar asibiti yana murza hularsa. "Ƙanwata, ai da kin sa hannu tun farko. Ni ban san abin ya kai haka ba."

Ta dube shi, ta ce, "To."

Ba ta yi kuka ba. Ta nemi wanda za ta ji haushi ta rasa. Yaya ƙauna ce ta sa shi magana, ita ma ƙauna ce ta sa ta jira, kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu.

Bayan ta fita takaba ta koma kan keke. Ta shimfiɗa yadi, ta ja layi da alli, ta ɗauki almakashi. Har aka kira la'asar tana zaune tana kallon layin, ko zai matsa.

Jama'a, ciwon haƙorin da ya sauko wuya da kumburi, da zazzaɓi, da zafin da ya fi abin da ido yake gani, na asibiti ne a ranar, musamman ga mai ciwon suga. Idan likita ya ce aiki yanzu, a girmama babba ta waya, amma a sa hannu. Wannan cuta ba ta jiran wanda yake hanya.